Gaba Casa'in da Bakwai daga Rijiya

Garin Sajo, ta Cadawa
20 ga Agusta, 1992

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen garinmu da kuke zaune tare a Arlit. Yaya aiki, yaya zafin wurin, yaya kuma ƙafar nan da ke damunka in ka daɗe tsaye wurin gadi? Mu nan duk lafiya lau. Inna tana gaishe ka, Kaka tana sa maka albarka, ƙanwata Salima ta ce a faɗa maka haƙoranta biyu sun fita. Na rubuta da manyan baƙaƙe yadda ka fi ganewa, don kada sai ka nemi mai karanta maka.

Damina ta yi kyau. Gero ya wuce tsawon mutum, ya fara bununi. An gama rufe ɗakinka da kwanon da ka aiko. Inna ta yi masa daɓe ta ja ƙofa, ta ce ba mai kwana ciki sai ka zo ka fara. Kaka ta shiga ita kaɗai ba da sanda ba, yadda ta saba yawo a gidan nan tun da idonta ya tafi, ta shafa bangon ko'ina da hannu, ta ce ɗanta ya yi ɗaki irin na kwamanda.

Baba, ga babban labari. Mutanen wani furoje na ruwa sun zaɓi garinmu, za su kafa injin iska bisa rijiyar siminti. Dogon ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, da farfela a samansa. Iska ta juya farfelar, ita kuma ta jawo ruwa ta zuba a tanki, har a samu 'yar wutar fitila a lakol, makarantarmu ta boko, da masallaci. Ka tuna rijiyar nan gaba arba'in ce. In abin ya tabbata, su Inna sun huta da jan guga.

Sai dai akwai sabuwar doka. Ba a kafa irin wannan inji sai in babu ɗakin da mutum ke kwana a cikin mita ɗari da hamsin kewaye da shi. An ce a wani gari can yamma farfela ta tsinke cikin iskar hadari ta faɗa cikin gida, shi ya sa. Mai awo na buro, wato ofishin furojen, bai samu zuwa ba, don ma'aikata suna yajin aiki, sai aka aiko takarda da Faransanci a ce gari ya auna da kansa ya rubuta ya mayar. Mushe, malamin lakol, ya tafi hutu garinsu, saboda haka Maigari Tahiru ya aiko a kira ni.

Ban taɓa tsayawa gaban manya haka ba. Na karanta, na fassara. Kowa ya san gidanmu ne mafi kusa da rijiya, don haka daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaurenmu za a auna. Barmo mai haƙar rijiya ya kawo igiyarsa. Shi da gaba yake awo, bai san mita ba, sai na ɗauko abin awona na lakol na auna gabansa daga yatsa zuwa yatsa: mita ɗaya da santi tamanin. Ya yi ta dariya yana cewa yau boko ta auna shi kamar yadin likkafani. Na yi lissafi a kaye, littafina na rubutu, na ce muna buƙatar gaba tamanin da huɗu.

Muka bi hanyar da mata ke bi, wadda ta zagaye gonar Liman, Barmo yana ja Maigari yana ƙirga. Gaba casa'in da bakwai muka samu, wato mita ɗari da saba'in da huɗu. Ni na rubuta da hannuna, Maigari ya dangwala yatsa. Mata suka yi guɗa. Kaka ta ce, “Ƙawata, ashe lakol ɗin nan ba cin tuwon banza ba ne.”

Na so ƙwarai a ce kana nan ranar. Musa direba zai kawo maka wannan takarda, da ɗan ƙullin kuka da daddawa daga Inna.

Allah ya kare mana kai, ya maido ka lafiya.

Ɗiyarka mai biyayya,
Hasiya


Garin Sajo
9 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana lafiya, aiki yana tafiya daidai. Takardarka ta iso, da yadin da ka aiko mini na tukwici. Na gode, Allah ya ƙara arziki. Na karanta wa Inna inda ka ce na fid da kai kunya, ta yi murmushi. Yadin yana cikin akwati, ban kai wa tela ba. In ka gama karanta wannan za ka gane dalili.

An yi girbi lafiya, rumbunanmu uku sun cika. Ba a koma kwaleji a Agye ba har yanzu, malamai suna yaji, don haka ina gida, kuma komi a kan idona ya faru.

A watan jiya magina suka zo suka zuba gindin injin da siminti da ƙarfe a bakin rijiya. Samari suka yi gayyar yashi da tsakuwa kwana tara. Ranar Talatar da ta wuce mai awo ya zo da kansa don ya duba kafin a kawo ƙarafan. Mutum ne mai ladabi, har ya durƙusa ya gai da Kaka. Yanzu gonar Liman fili ce, an cire hatsi an kwantar da kara. Daga bakin rijiya ana hangen zaurenmu sarai. Bai ko dubi hanya ba. Ya kafa ƙusa, ya ja awonsa na ƙarfe mai naɗewa, ya ratsa tsakiyar gonar kai tsaye.

Mita ɗari da goma sha takwas, Baba.

Ya shiga gida ya ci gaba da ja har bangon baya, ɗari da arba'in da ɗaya. Ɗakin Kaka, ɗakin Inna, sabon ɗakinka, duka suna ciki. Ya tambayi wanda ya rubuta ɗari da saba'in da huɗu. Kowa ya juyo ya dube ni. Barmo ya yi maza ya ce laifin igiyarsa ne. Maigari ya ce su tun kakanni ba a ratsa gonar mutum da igiya gero yana bununi, kuma nisan wuri ai inda ƙafa ta bi ne. Mai awo ya ce gaskiya ne, amma farfela in ta tsinke ba ta bin hanya.

Baba, akwai abin da ban faɗa maka a takardar farko ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Na sani. Ranar da muke awon, da muka kai kwanar gonar Liman na ga igiya ta lanƙwasa. An koya mana tun aji na farko a kwaleji cewa nisa tsakanin wuri biyu a miƙe ake auna shi. A wannan darasin na ci goma sha shida bisa ashirin. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Liman tsaye, ga Maigari, ga Baba Rabo ƙanenka, duk masu furfura da rawani. Na ji nauyin in ce musu ba haka ake yi ba, a shiga gonar Liman. Na ce a raina wataƙila bambancin ba yawa. Na yi shiru, na rubuta.

Da na yi magana ranar, da ba a zuba siminti ba, da samari ba su sha wahala ba, da mata ba su sa rai ba. Da an ce rijiyarmu ba ta dace ba, a yi baƙin ciki kwana biyu a manta. Yanzu an riga an sa wa kowa ɗanɗano a baki.

Mai awo ya ce zai kai rahoto, za a aiko da amsa a rubuce. Rijiya ba ta matsawa, injin kuma dole bisa rijiya yake tsayawa. Ban san abin da ya rage ya matsa ba in ba mu ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ka yafe mini, don girman Allah.

Ɗiyarka,
Hasiya


Garin Sajo
18 ga Disamba, 1992

Zuwa ga mahaifina,

Ina gaishe ka da kyakkyawar gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya. Inna, Kaka da Salima duk suna gaisuwa. Musa ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu. Ban samu amsa ba, amma na san hanyar arewa ba lafiya, motoci ba sa tafiya sai da rakiyar soja. Ina gaya wa kaina shi ne dalili.

Amsar buro ta zo ranar Litinin, shafi biyu. Maigari ya sa a yi shela kowa ya taru ranar Laraba da hantsi. Mushe yana yaji tare da sauran malamai, ya koma Maradi, don haka ni aka sake ba takardar in duba kafin taro.

Abu uku ke ciki. Na farko, dokar nisa tana nan, ba a rage ko taƙi. Na biyu, rumbu da garken dabbobi suna iya zama a cikin da'irar, mutum ne kawai ba ya kwana. Na uku, in ba a tashi gidan da ke ciki ba kafin ƙarshen watan Maris, za a kai injin gari na gaba a jerinsu, can wajen Gangara.

Ranar Talata da la'asar Baba Rabo ya shigo. Ka san yanzu shi ne shugaban jam'iyyarsu a garin nan, har da tuta a ƙofar gidansa. Na karanta masa. Sai ya ce gobe in karanta na farko da na biyu, in tsallake na uku. Ya ce wannan gwamnati ta riƙo ce, kwananta ƙirgagge ne, bayan zaɓe mutuminsu zai hau ya soke dokar da alƙalami ɗaya. In gari bai san akwai wa'adi ba, kowa zai jira. “Ke kaɗai ke jin yaren nan a garin nan,” in ji shi. “Abin da kika faɗa shi ne takarda. Gidan ubanki ne, ba nawa ba. Kin rushe rabi da alƙalami, kada ki ƙarasa da baki.”

Na ce masa to. Wallahi to na ce, kuma da niyyar in yi haka na tafi.

An taru a gindin gawon ƙofar Maigari. Mata sun tsaya baya, wasu da tulunansu, don daga rijiya suka biyo. Na karanta na farko, na karanta na biyu. Na ninke takardar. Sai Shatu matar Barmo, wadda ke da tsohon ciki, ta ɗaga murya daga baya ta ce, “Hasiya, shi ke nan? Na ga baƙi ya yi saura a ƙasa.” Aka yi dariya, wani ya ce yaushe Shatu ta shiga lakol. Ni ban yi dariya ba. Na ga in na ce shi ke nan, watan Maris zai wuce, mota ta zo ta kwashe ƙarafan, Shatu ta koma jan gaba arba'in da goyo, kuma wannan karon ba kunya ce ta sa ni ba, da gangan na yi.

Na buɗe takardar na karanta na uku. Har sau biyu na faɗa.

Ba zan iya kwatanta maka hayaniyar ba. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce dama gidan su Rabo ne ke son hana gari ruwa. Baba Rabo ya ce su ne suka kitsa da mai awo. Wani ya ce kakanmu ai baƙo ne daga Katsina, me ya sa ya zauna a bakin ruwan mutane. Barmo ya tashi ya ce wanda ya faɗi haka ya tambayi uwarsa wa ya fara haƙa rijiyar farko a nan. Liman ya yi ta ba da haƙuri. Maigari ya rufe taro da cewa ba zai tashi gidan kowa da ƙarfi ba, mai gida ne zai yanke, kuma in an yarda zai ba da fili a jigawar arewa, gari ya yi gayyar gini.

A hanyar komawa Baba Rabo ya wuce ni bai dube ni ba. Ya ce wa Inna an kai ɗiya boko ta dawo da wuƙa.

Ban san ko daidai na yi ba, Baba. Karon farko na yi shiru, gida ya shiga uku. Karo na biyu na yi magana, ya ƙara shiga. Magana tana hannunka yanzu. Don Allah ka aiko da amsa, ko layi ɗaya ne, ko na faɗa ne.

Ɗiyarka mai neman gafararka,
Hasiya


Garin Sajo
7 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jikinka lafiya. Musa ya iso ranar Juma'a. Na tare shi tun bakin hanya, ya ce babu takarda, saƙon baki ne, kuma na Kaka ne. Ya shiga ya durƙusa ya faɗa mata: ka ce gidan mijinta ne, kai a ciki aka haife ka kawai, abin da ta yanke shi ke nan. Na jira ko akwai saura. Ya sha ruwa ya tafi.

Bari in gaya maka yadda muka yi makonnin nan, don ka san a kan me ta yanke. Ba wanda ya zage mu a fili. Amma matan da ke biyowa ta zaurenmu in sun taso daga rijiya, su sauke tulu su sha inuwa su yi wa Kaka hira, duk sun sake hanya. Inna in ta je ɗibar ruwa sai a yi shiru, a matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata. Shatu ta haihu, aka yi suna, aka kai goro kowane gida. Namu Barmo ya kawo da kansa a ɓoye cikin aljihu. Motocin 'yan siyasa suna ta shigowa da lasifika, kowa ya zo sai ya tsaya bisa gindin simintin nan ya yi alkawarin ruwa. Na Baba Rabo ya ce zai soke dokar, ɗayan ya ce zai kawo inji biyu. Ba wanda ya shigo gidanmu.

Kaka ba ta gani, amma tana ƙirga sallama. Bayan tafiyar Musa ta sa aka kira Baba Rabo. Ya fara maganar zaɓe, ta ce ya rufe mata baki, ita ta ga zaɓe tun kafin a yi masa kaciya, bai taɓa cika mata randa ba. Ta ce shekara hamsin da ɗaya tana gidan nan, ba ta taɓa wuni ba a yi mata sallama goma ba, jiya biyu aka yi, ɗaya ma mai tallan gishiri ce. “Gidan da maƙwabta suka daina yi wa sallama ya riga ya faɗi,” in ji ta. “Bango ne kawai bai samu labari ba. Ku je ku ce wa Tahiru ya nuna fili.”

Baba Rabo ya yi kuka, ban taɓa gani ba. Inna ta shiga ɗaki. Ni Kaka ta kira, ta lalubo kaina, ta ce in daina shan hanci, ba ni na kafa rijiya ba. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta yi azumi a ɗakinta.

An nuna filin. Yashi ne zalla, da ƙalgo biyu. Samari sun fara buga tubali, kuma tun ranar mata suka dawo da bin zaurenmu, kowa da fara'a, har da masu kawo fura. Kaka tana amsa musu kamar ba abin da ya faru. Ni na kasa.

An ce za a koma kwaleji bayan zaɓe. Ban sani ba ko kana son in koma. In ba ka so, ka faɗa wa Musa, ba sai ka rubuta ba.

Ina yi maka fatan azumi lafiya tun yanzu.

Ɗiyarka,
Hasiya


Agye
25 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina yi maka barka da shan ruwa duk da ta makara. Ina fata ka yi salla lafiya, ƙafarka kuma ta yi sauƙi. Da ban ji ka hana ba, Inna ta ce in koma lakol, ga ni a Agye mako biyu ke nan. Ina zuwa gida duk Asabar a motar 'yan kasuwa.

Mun tashi kwana uku bayan salla. Kaka ta samu azuminta a ɗakinta, an cika mata alkawari. Gari duka ya fito. Aka kwance kwanon ɗakinka a hankali, ba a lanƙwasa ko ɗaya ba, aka cire azara da ƙofa. Ni da Inna muka share ɗakin kafin a fara, ko da yake mun san ba amfani. Doka ta ce sai an sauke bango don kada wani ya koma kwana. Barmo ya ƙi yarda wani ya fara, ya ce shi ya ja igiya, shi zai sa diga. Kafin azahar an gama. Rumbunan uku ne kawai aka bari tsaye, da turken awaki, tunda su doka ta yarda musu.

Kaka ta ƙi hawa amalanke. Da ƙafa ta tafi, hannunta a kafaɗata, tana tambaya ta nan ina ne, nan gonar wa.

An kafa injin a farkon watan nan. Yana aiki, Baba, ba zan ɓoye ba. Ranar da ruwa ya fara zuba a tanki mata suka yi ta guɗa har muryoyinsu suka dushe. Tafin hannun Inna ya fara laushi. Fitilar masallaci tana kamawa. Ana jin kukan farfelar har jigawa in iska ta taso, kamar ana niƙa a nesa. A bakin famfo wasu suna kirana Hasiya mai ruwa, suna cewa in wuce gaba ba sai na bi layi ba. Ina bin layi. An yi zaɓe an gama, dokar tana nan yadda take, Baba Rabo ya sauke tutarsa, kuma har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sabon gidan ɗaki biyu ne da darnin kara. Naka ba a fara ba, an jingine kwanon da azara a bayan ɗakin Inna, an ce sai ka zo ka nuna inda kake so. Kaka ce abin tausayi. Lafiyarta lau, tana ci tana sha, amma ba ta fita. Ranar farko ta tashi za ta je randa ta faɗa kan murhu, Allah ya sa ba wuta. Tun daga nan sai an ja ta. Duk lokacin salla sai ta kira, “Wa ke nan? Ina gabas?” Salima ta zo ta juya mata tabarma. Ba ta taɓa cewa komi a kan tsohon gida ba, ko sau ɗaya. Wasan da take yi mini ma ta daina.

Musa ya ce ka nemi izini za ka zo kafin shuka. Shi ya sa na rubuta wannan, don kada ka sha mamaki kai kaɗai. In ka sauka a Cadawa ka samu amalanke, kada ka bari a bi da kai ta rijiya yadda ka saba. Za ka hango rumbunanka daga nesa ka ɗauka gida ne, ka isa ka tarar ba ƙofar da za ka yi wa sallama, ga mata cike da famfo suna kallonka. Ka ce a sauke ka a mararrabar makabarta, inda hanya ta rabu ta yi arewa.

Ka faɗa wa Musa ranar. Ko ranar lakol ce zan nemi izini in zo in tsaya a mararrabar tun safe. Hanyar jigawa ba ta fito sosai ba tukuna, ƙafafu ba su gama taka ta ba, wanda bai sani ba sai ya ɓata. In ba ka son yi mini magana, ba komi, Baba. Zan ɗauki jakarka in wuce gaba, ka biyo ni kawai, in kai ka gidanka.

Inna, Kaka da Salima suna gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Ɗiyarka har kullum,
Hasiya